BABI NA UKU: MAKAƊAN HAYA NA LOS ANGELES DA YADDA AKA TONO FAYAFAYANSU

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi tarihin wasu fayafayan waƙoƙin pop da aka yi a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, daga 1962 zuwa farkon shekarun 1970, da kuma yadda masu sha'awa suka riƙa neman su bayan kasuwa ta manta da yawancinsu. Fayafayan da ake nufi su ne waɗanda aka cika wa kiɗa, wato aka haɗa ganguna da jitoci da piyano da goge irin na Turawa da kayan busa da muryoyin amshi masu yawa a cikin waƙa guda. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk wanda ya bi sunan da ke bangon faifai kawai ba zai yi nisa ba a wannan nema, domin galibin waɗanda suka yi ainihin kiɗan ba a rubuta sunayensu ba.

3.1 Su Wane ne Makaɗan Haya?

A wannan nazari, makaɗin haya shi ne wanda ba ya cikin ƙungiyar wani mawaƙi, sai dai a kira shi ɗakin ɗaukar sauti ya yi kiɗa, a biya shi ladansa, ya kama gabansa. Ke nan ya bambanta da makaɗin da Bahaushe ya saba gani, wanda yakan daɗe yana bin mawaƙi guda har a san su tare. Makaɗin haya zai iya yi wa Frank Sinatra aiki da hantsi, da la'asar ya yi kiɗan tallar sabulu, da dare kuma ya yi wa wasu samari kiɗan rawa.

Dalilin samuwarsu na kuɗi ne da na na'ura. Hayar ɗakin ɗaukar sauti tana da tsada, sannan ƙa'idar ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta Amurka ita ce zama ɗaya awa 3 ne, abin da ya ɗara haka sai an ƙara kuɗi. Haka kuma na'urar ɗauka ta farkon shekarun 1960 layi 3 ko 4 gare ta, don haka dole makaɗa su yi kiɗan gaba ɗaya a lokaci guda. Idan mutum ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko. Saboda haka kamfanoni suka fi son wanda za a miƙa wa takardar kiɗa ya duba sau ɗaya ya buga.

Da yawa daga cikin makaɗan Los Angeles daga kiɗan jaz suka fito. Earl Palmer, makaɗin ganga, ya baro New Orleans a 1957 bayan ya yi wa Little Richard da Fats Domino kiɗa. Akwai Hal Blaine shi ma a kan ganga, da Tommy Tedesco a kan jita, da Leon Russell da Larry Knechtel a kan piyano, da Joe Osborn da Carol Kaye a kan jita mai kaurin murya da ake kira bas. Carol Kaye ita ce macen da ta yi fice a tsakaninsu, ta fara da jita a 1957 kafin ta koma bas a 1963. Glen Campbell kuwa, wanda daga baya ya zama shahararren mawaƙi, bai iya karatun takardar kiɗa ba, kunnensa ne jarinsa. A yau ana kiran su Wrecking Crew, wato 'yan rusau, sunan da Hal Blaine ya yayata a littafinsa na 1990. Ya ce tsofaffin makaɗa masu ƙwat da laktaye ne suka riƙa cewa waɗannan yara za su rusa sana'ar. Carol Kaye ta musanta haka, ta ce a lokacin babu mai kiran su da wannan suna. Hasali ma su ba ƙungiya ba ne, jama'a ne kawai da ake yawan kira, suna ta haɗuwa a ɗakuna ɗaya.

3.2 Daga Phil Spector zuwa Brian Wilson

Wanda ya fara tara su a kai a kai shi ne Phil Spector, mai shirya fayafayai, a ɗakin ɗaukar sauti na Gold Star da ke Hollywood. Dabararsa ita ce ya cusa makaɗa da yawa a ƙaramin ɗaki, jita uku ko huɗu da piyano biyu ko uku duk suna buga abu guda, har sautin wannan ya kwarara cikin makirufon wancan. Daga nan sai a tura sautin cikin wani ɗaki na musamman mai amsa kuwwa, a dawo da shi. Mai sauraro ba zai iya tantance kayan kiɗa ɗaya ba, sai dai ya ji wani dunƙulallen amo ya taso masa. Wannan ne aka yi wa laƙabi da Katangar Sauti. Jack Nitzsche ne yawanci ke rubuta tsarin kiɗan, Larry Levine kuma ke kan na'ura. Da haka aka yi "Be My Baby" a 1963 da "You've Lost That Lovin' Feelin'" a 1964. Ya kamata a ambata cewa Spector ya ƙare rayuwarsa a tsare ne a 2021, bayan kotu ta same shi da laifin kisan Lana Clarkson a hukuncin da ta yanke a 2009.

Spector mutumin ƙananan fayafayai ne masu waƙa ɗaya a kowace fuska. Wanda ya ɗauki dabarar ya shimfiɗa ta a kan cikakken albam shi ne Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys. A ƙarshen 1964 ya daina bin 'yan'uwansa yawon wasa, ya zauna gida yana tsara waƙoƙi. Yayin da ƙungiyar take can tana wasa a Japan a farkon 1966, shi yana nan da makaɗan haya suna ɗaukar kiɗan albam ɗin Pet Sounds, sai da suka dawo suka ɗora muryoyi. Abin lura a nan shi ne yadda Wilson ya yi aiki da makaɗan. Ba kasafai yake kawo musu cikakkiyar takarda ba, yakan rera wa kowa abin da yake so ya buga, su kuma su kawo nasu gyaran. An sa ƙararrawar keke da gwangwanin lemo da haushin karnuka a cikin albam ɗin, tare da goge da sarewa. Ya fito a watan Mayu na 1966, ya tsaya a mataki na 10 a jerin cinikin Amurka, abin da kamfanin Capitol ya ɗauka a matsayin koma baya, amma a Ingila ya kai mataki na 2.

Bayan wannan ne salon ya yaɗu. Waƙoƙin 5th Dimension da Association da Mamas and the Papas, da "Wichita Lineman" ta 1968, da albam ɗin Bridge over Troubled Water na 1970, da fayafayan Carpenters na farko, duk hannayen nan ne suka kaɗa su. Hal Blaine shi kaɗai ya buga ganga a waƙoƙin da suka ci kyautar Grammy ta faifan shekara sau 6 a jere, daga 1966 zuwa 1971.

3.3 Ɓoye Suna

Ba mantuwa ba ce ta sa ba a rubuta sunayensu ba, ciniki ne. Matashin da ya sayi faifai yana son ya yarda cewa samarin da ke cikin hoton bango su ne suka yi kiɗan. Alal misali, a waƙar "Mr. Tambourine Man" ta ƙungiyar Byrds, wadda aka ɗauka a watan Janairu na 1965 ta kuma kai mataki na ɗaya, Roger McGuinn ne kaɗai ɗan ƙungiyar da ya taɓa kayan kiɗa. Tun kafin nan, "He's a Rebel" ta 1962 ta fito da sunan Crystals alhali Darlene Love ce ta rera ta. Asiri ya ɗan tonu a 1967, lokacin da ta bayyana cewa 'yan Monkees ba su ne suka kaɗa yawancin albam biyu na farko ba. An yi ta caccakar su kamar su kaɗai ke yin haka, alhali kuwa rabin garin haka yake aiki.

Su kansu makaɗan ba su cika ƙorafi ba a lokacin, domin waɗanda ake rububi sukan karɓi ninkin ladan da ƙungiya ta ƙayyade. Sai dai lada ne na zama ɗaya. Waƙa ta yi kasuwa ko ta faɗi, makaɗin da ya ƙirƙiro ɗan salon da ya sa aka so ta ba ya cikin marubutanta, don haka ba shi da kaso a ribar mallaka. Da shekarun 1970 suka kama, na'ura mai layi 16 da 24 ta ba ƙungiyoyi damar yin kiɗansu sannu a hankali suna gyarawa, masu sauraro kuma suka fara ganin aibin mawaƙin da ba ya kiɗa da kansa. Aiki ya ja baya. Hal Blaine da kansa sai da ya yi aikin gadi a jihar Arizona na wani lokaci. A daidai wannan zamani ne aka fara rubuta sunayen makaɗa a bango, kamar yadda aka yi wa makaɗan kamfanin Motown na Detroit a karon farko a albam ɗin What's Going On na Marvin Gaye a 1971.

3.4 Neman Waɗanda Suka Faɗi a Kasuwa

Fayafayan da suka yi suna ba su taɓa ɓata ba. Wahalar tana ga waɗanda aka kashe wa kuɗi mai yawa suka ƙi sayuwa, kuma suna da dama, domin tsakanin 1967 da 1969 kowane kamfani yana neman nasa Pet Sounds. Gary Usher ya fitar da waƙar "My World Fell Down" a 1967 da sunan wata ƙungiya wai ita Sagittarius, alhali babu wata ƙungiya mai wannan suna, makaɗan haya ne da muryar Glen Campbell. Albam ɗin da ya biyo baya, Present Tense na 1968, wanda ya yi tare da Curt Boettcher, bai yi kasuwa ba. Haka albam ɗin Begin na ƙungiyar Millennium, wanda Boettcher ya jagoranta a shekarar, da na Roger Nichols and the Small Circle of Friends da kamfanin A&M ya fitar. Al'adar kamfanoni ita ce idan faifai ya yi kwantai sai a huda bangonsa ko a yanke kusurwa, a sayar da shi a farashin gwanjo, sannan a cire shi daga jerin kayan kamfani. Ta haka waɗannan fayafayai suka watsu cikin kwandunan shagunan tsofaffin kaya.

Abin mamaki shi ne ba Amurkawa ne suka fara waiwayar su ba. A Japan ne, daga ƙarshen shekarun 1980, masu shagunan fayafayai da matasan mawaƙa na unguwar Shibuya a birnin Tokyo suka shiga haƙilon neman su, aka sake buga albam ɗin Roger Nichols a faifan CD, ƙungiyoyi irin su Pizzicato Five kuma suka kwaikwayi salon. Daga baya ƙananan kamfanoni masu sake buga tsofaffin fayafayai, irin su Sundazed a Amurka da Rev-Ola a Ingila, suka bi sahu.

Hanyar da masu nema suka bi ta cancanci a tsaya a kanta. Tunda sunan mawaƙin ba ya gaya musu komai, sai suka koma karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan bango, wato sunan wanda ya shirya faifan, da wanda ya tsara kiɗan, da ɗakin da aka ɗauka. Idan aka ga Bones Howe ko Jimmy Webb ko Boettcher, aka kuma ga Gold Star ko Western, to an san hannun da za a ji a ciki, ko da kuwa hoton bangon na wasu ne da ba a taɓa jin labarinsu ba. Za a iya cewa wannan juyawa ce ta yadda aka saba kallon waƙa, domin mawaƙin ya koma baƙo a faifansa.

3.5 Takardun Ƙungiya da Zaren Asali

Kunne yana iya ruɗin mai shi, saboda haka masu bincike suka nemi hujja a rubuce. Sun same ta a wurin da ba a yi zato ba. Duk zaman da aka yi bisa ƙa'ida sai an cike takardar kwangila an aika wa reshe na 47 na ƙungiyar makaɗa a Los Angeles, ɗauke da ranar zama da sunan waƙa da sunan kowane makaɗi da abin da aka biya shi. An yi takardun ne domin lissafin fansho, ba domin tarihi ba, amma su ne suka zama madogara. Da su, da kuma zaren asali inda ake jin Brian Wilson yana kiran makaɗa da sunayensu, aka haɗa bayanan akwatin The Pet Sounds Sessions na 1997. A 2000 zauren tunawa da gwanayen kiɗan rok ya buɗe rukuni na musamman domin makaɗan haya, inda Hal Blaine da Earl Palmer suka shiga a sahun farko. Denny Tedesco, ɗan Tommy Tedesco, ya fara ɗaukar fim a kansu a 1996, mahaifinsa ya rasu a 1997, an nuna fim ɗin a 2008, amma bai shiga kasuwa ba sai 2015, saboda tsadar sayen izinin waƙoƙin da mutanen cikinsa suka kaɗa da hannunsu.

Duk da haka takardun suna da giɓi. Wani lokaci akan rubuta sunan wanda bai halarta ba domin ya sami kuɗi, sannan zaman da aka yi a bayan idon ƙungiya ba shi da takarda ko kaɗan. Wannan ne ya sa jayayyar da ke tsakanin Carol Kaye da magoya bayan James Jamerson, a kan wanda ya buga bas a wasu waƙoƙin Motown, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ga shi kuma Jamerson ya rasu tun 1983. Zaren asali ma bai tsira ba. A ranar 1 ga Yuni, 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya a harabar Universal Studios, inda aka ajiye zarurrukan kamfanoni irin su A&M da Dunhill da Decca. Girman asarar bai fito fili ba sai a 2019, lokacin da mujallar jaridar New York Times ta ruwaito cewa zarurrukan da suka ƙone sun haura 100,000, adadin da kamfanin ya ce an yi masa ƙari. Ga duk albam ɗin da zarensa ya salwanta ba tare da an yi masa kwafi ba, tsohon faifan nan mai hudadden bango shi ne abin da za a ɗauko sauti daga gare shi in za a sake bugawa.