Masanin duwatsu da fasa dutse da ƙarfin ruwa

Masanin duwatsu ƙwararre ne da ke nazarin abin da ke ƙarƙashin ƙasa domin gano ma'adinai, mai ko ruwa. A Kankiya da Kusada, cikin Jihar Katsina, an fi buƙatarsa wajen haƙa rijiyar burtsatse. Ƙasar yankin tana kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a inda ya rududduge ko ya tsage. Shi ya sa masanin ke auna ƙasa da na'urar lantarki kafin a kawo injin haƙa. Rijiyar da aka haƙa da ka sau da yawa asarar kuɗin al'umma ce.

Idan tsagar ta yi ƙunci, akwai dabarar tura ruwa cikin ramin da matsi mai tsanani har dutsen ya buɗe. An fara gwada ta a 1947 a rijiyar iskar gas a Kansas ta Amurka, daga baya masu haƙar ma'adinai a Ostireliya suka ɗauke ta domin sassauta dutse.