Tsohon Ɗan Wasa, Sabon Koci: Abin da Ya Riƙe Ƙwallon Ƙafa a Yola da Jimeta

Wanda ya je neman tarihin ƙwallon ƙafa na Yola da Jimeta a jerin waɗanda suka ci kofi zai dawo hannu rabbana. Adamawa United, babbar ƙungiyar jihar, ba ta taɓa lashe gasar Firimiya ta Najeriya ba, ba ta taɓa ɗaga kofin ƙalubale ba, kuma ta fi daɗewa a rukuni na biyu fiye da na farko. Duk da haka, da la'asar sakaliya filayen makarantu da na unguwanni daga Luggere zuwa Jambutu, daga Doubeli zuwa Wuro Hausa, cike suke da yara da samari, kuma da wuya ka ga taron da ba shi da wani babba tsaye a gefe da usur a wuya. Shi ne tsohon ɗan wasan ƙananan rukunai wanda ya rataye takalmi ya koma koyarwa. A ganina shi ne ginshiƙin wannan tarihi. Ƙungiyoyi sun tashi sun faɗi, gwamnatoci sun zo sun wuce, amma sana'ar ta ci gaba da wucewa daga hannun ɗan wasa zuwa hannun yaro ta wurinsa, kuma dalilin haka yana cikin tarihin garin kansa.

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Turawan Ingila suka ci ta a 1901, Jimeta kuwa ta bunƙasa a bakin Binuwai a matsayin tashar jiragen ruwa da mazaunin 'yan kasuwa da ma'aikata. Sai dai kogin ba ya ɗaukar manyan jirage sai 'yan watannin da ruwa ya cika, kuma layin dogo da ya bi ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri bai taɓa karkatowa Yola ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙwallo, domin a zamanin mulkin mallaka wasan ya yi ƙarfi ne inda ake da ma'aikatar jirgin ƙasa, ko ma'adinai, ko manyan kamfanoni masu iya ɗaukar ɗan wasa aiki su kuma kai shi wani gari ya buga ya dawo. Shi ya sa bayan an soma gasar kofin Gwamna a 1945 Kano ta ɗauke shi a 1953, Mighty Jets ta Jos ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. Yola ta samu nata majiɓincin a makare, kuma iri dabam: gwamnati. A 1976 ta zama hedikwatar Jihar Gongola, a 1991 aka raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba, ta ci gaba da zama babban birni. Tun daga nan babbar ƙwallo a garin ta zama abin da ake sa wa a kasafin kuɗi, ta yi ƙiba idan mai mulki yana sha'awa, ta rame idan hankalinsa ya koma wani wuri.

Abu na biyu shi ne hanya. Ɗan wasan Kaduna ko Jos yana da abokan karawa a kusa. Na Yola kuwa kusan kowane wasan waje tafiya ce ta yini guda ko biyu: a bi ta Numan zuwa Gombe da Bauchi da Jos, a gangara Hawan Kibo, ko a bi ta Jalingo da Wukari zuwa Makurdi a nufi kudu. Ƙungiyar ƙaramin rukuni ba ta da kuɗin jirgin sama, sau da yawa ba ta da na masauki mai kyau. Ana cusa 'yan wasa a bas ɗaya tare da jakunkuna da ragar ƙwallaye, mai tsaron gida dogo ya naɗe ƙafa na tsawon sa'o'i, a ci abinci a tasha, a isa cikin dare, gobe da yamma a shiga fili da ƙafafu a kumbure. Hanyar ta ci rayuka. A Janairun 2009 motar 'yan wasan ƙungiyar Jimeta ta yi hatsari a Jihar Filato a kan hanyarsu ta zuwa wasa Abuja, mutum fiye da goma suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore tana tafiya Legas karawa da MFM, suka yi awon gaba da direba. Ko "gida" ma ya taɓa zama tafiya: da ƙungiyar ta hau Firimiya a 2019, wasanninta na gida a filin Pantami na Gombe ta buga su, fiye da kilomita 200 daga magoya bayanta, saboda filin Ribadu da ke Jimeta bai cika sharuɗɗan gasar ba a lokacin. Tana ƙasan teburi annobar korona ta tsayar da kakar a Maris 2020, aka yafe faɗuwa a wannan shekara, amma a ƙarshen kakar 2021 ta koma rukuni na biyu tare da Jigawa Golden Stars da Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah.

Cikin irin wannan hali ɗan wasa yake yin shekarun ƙuruciyarsa. Yana farawa a ƙungiyar unguwa, ya buga gasar jiha, idan ya yi sa'a ya shiga gasar Nationwide ko rukunin NNL da ke ƙarƙashin Firimiya. Albashi kaɗan ne, alawus na wasa yakan makale, kuɗin sa hannu kuwa alkawari ne da ake bi har a gaji. Gwiwa ɗaya ta goce, shi ke nan. Kafin ya kai shekara talatin da 'yan kai ya gama, ba fansho, ba suna, sai sanin wasa. Wasu su kama tuƙin Keke Napep, wasu su shiga kasuwa, waɗanda aka taɓa ɗauka aiki a hukumar wasanni ko 'yan sanda su koma ofis. Amma akwai wanda ba ya iya rabuwa da fili. Bayan sallar asuba, tun kafin zafin Yola ya taso, wanda a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, za ka same shi yana jera duwatsu ko tsofaffin robobi a madadin alamun atisaye, da ƙwallo biyu ko uku, ɗaya an ɗinke ta. Shi ne zai gyara wa yaro yadda ake tarbar ƙwallo da cikin ƙafa, shi zai tara kuɗin jesi naira ɗari-ɗari, shi zai je zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, a bar mini shi, na ɗauki alkawarin ba zai bar makaranta ba." Babu takardar da ta rubuta wannan aiki, amma duk ɗan wasan da ya taɓa sa rigar jihar ta hannun irin wannan mutum ya biyo.

Za a ce ai wanda ya ƙare a ƙananan rukunai ya ƙare can ne don bai iya ba, to me wanda bai iya ba zai koyar? Tarihin ƙwallon Najeriya da kansa ya ba da amsa. Shu'aibu Amodu bai yi wani suna a matsayin ɗan wasa ba. Ya buga wa Dumez da Niger Tornadoes, karayar ƙafa ta tsayar da shi. Amma shi ne ya kai BCC Lions ta Gboko ga kofin zakarun kofuna na Afirka a 1990, ya ci kofin ƙalubale da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri a farkon shekarun 1990, ya kuma samar wa Super Eagles gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, ko da yake sau biyun ana sauke shi kafin a tafi. Iya wasa baiwa ce ta jiki, koyarwa kuwa ta lura ce da haƙuri, kuma sau da yawa wanda ya sha wahala kafin ya koyi abu ya fi iya bayyana shi. Ban da haka, zama a ƙasa a wuri irin Yola ba ya nuna rashin iyawa. Masu farautar 'yan wasa ba sa yawan tafiyar da za ta ci musu kwana biyu don ganin yaro ɗaya.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba a kauce mata. A Yulin 2013, a wasannin neman gurbin shiga gasar Nationwide da aka yi a Bauchi, Police Machine ta Adamawa ta ci Bubayaro ta Gombe 67 da nema, a daidai lokacin da Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema. An tafi hutun rabin lokaci ana 6 da nema a wasan farko, 7 da nema a na biyu, sauran duk bayan an dawo aka zura su, domin Police Machine da Plateau United Feeders suna tseren yawan ƙwallaye. Duniya ta yi dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasa da jami'ai harkar har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin shekara goma. Mai suka zai ce ga ƙananan rukunan naka nan, ga masu horarwar da kake yabo. Hukuncin ya dace, kuma duk wanda ya tsaya a gefen fili ya bar hakan ta faru ya ci amanar yaran da ke hannunsa. Amma a duba inda abin ya faru: matakin da babu kyamara, babu albashi tsayayye, alƙalin wasa ba shi da kariya, kuma hawa mataki ɗaya shi ne bambanci tsakanin a ci gaba da ba ƙungiya kuɗi da a rufe ta. Abin kunyar hujja ce a kan sakacin da aka yi wa ƙasan gasar, ba hujjar a ƙara juya mata baya ba.

Saura masu cewa nisa ƙaddara ce. Su haura Binuwai kaɗan zuwa Garwa ta Kamaru, garin da a da yake ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa, mai zafi ɗaya da Yola, mai nisa daga Yawunde da Duwala kamar yadda Yola take nesa da Legas. A can aka kafa Coton Sport a 1986 da goyon bayan kamfanin auduga na Sodecoton. Ta ci gasar Kamaru fiye da sau goma, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 inda Al Ahly ta Masar ta doke ta, kuma daga cikinta Vincent Aboubakar ya fita zuwa Faransa a 2010, wanda ya ci ƙwallon da ta bai wa Kamaru kofin Afirka a 2017. A filin Garwa ne Super Eagles ta buga wasanninta na gasar Afirka a Janairun 2022. Garwa ba ta fi Yola yara masu ƙafa ba. Abin da ta samu shi ne majiɓinci da ba ya sauyawa da zaɓe, da wurin horar da matasa inda koci ma'aikaci ne mai albashi. Misalin Gboko ma haka yake, da darasinsa mai ɗaci: kamfanin siminti ya ɗaga BCC Lions, da ya yi rauni ita ma ta bi shi.

Gaskiya ne ba kowane tsohon ɗan wasa ne koci ba. Akwai mai maimaita tsawa da gudun wahala da aka yi masa, akwai mai rage wa yara shekaru, akwai mai karɓar kuɗin iyaye da sunan gwaji a Turai. Maganin wannan horo ne da sa ido. An daɗe ana yin kwasa-kwasan Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas, lasisin hukumar CAF kuma yana cin kuɗin da mai koyarwa a filin firamare ba shi da su, don haka mutumin da ya fi kowa kusa da yaran shi ne ya fi kowa nisa da takardar. Kuɗin da ake kashewa a kaka ɗaya wajen sayo 'yan wasa daga wasu jihohi don a hau Firimiya a sake faɗowa zai isa a kawo waɗannan kwasa-kwasai Yola, a yi wa kociyoyin unguwanni rajista, a ba su alawus, a kuma tsayar da gasar matasa tsakanin Yola da Jimeta da Numan da Girei da Mubi wadda ba ta buƙatar kwana a hanya. Hukumar wasanni ta jiha da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Adamawa da masu hannu da shuni na Jimeta su fara daga nan, su kuma sa a rubuta sunayen tsofaffin 'yan wasan da ƙungiyoyin da suka buga wa tun masu ba da labarin suna raye.