Masu Ra'ayin Riƙau a Kanada: Tarihin Kuɗin Tsaro da 'Yan Asalin Ƙasa

Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Kanada ita ce ta kafa gwamnatin farko bayan haɗewar ƙasar a 1867, ƙarƙashin John A. Macdonald. Ta sauya suna fiye da sau ɗaya, ta rabu, ta sake haɗewa a 2003, amma batutuwa biyu sun bi ta duk inda ta je, musamman idan zaɓe ya matso: nawa za a kashe wa soja, da kuma yadda za a zauna da 'yan asalin ƙasa. Waɗannan mutane rukuni uku ne, wato al'ummomin farko da Turawa suka tarar, da Inuit na can arewa mai ƙanƙara, da Metis waɗanda tsatsonsu ya haɗa 'yan ƙasa da Turawa masu fataucin fatu. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kusan miliyan 1.8, kimanin kashi 5 cikin ɗari na jama'a. A kan kalli batutuwan biyu kamar ba su da alaƙa, alhali ƙasar da ake cewa soja zai kare ita ce dai ƙasar da ake jayayya da waɗannan al'ummomi a kanta.

Batutuwan biyu sun haɗu a 1885. Metis da wasu 'yan ƙabilar Cree na yankin Saskatchewan sun ɗauki makami saboda filayensu da kuma yunwar da ta biyo bayan ƙarewar ɓaunar daji. Macdonald ya tura dubban sojoji ta layin dogon da ake ginawa zuwa yamma, kuma aka murƙushe boren a Batoche cikin watan Mayu. Kamfanin jirgin ƙasan, wanda ke dab da karyewa, ya samu ƙarin kuɗi daga majalisa tun da ya nuna amfaninsa a yaƙi. An rataye jagoran Metis, Louis Riel, a Regina ranar 16 ga Nuwamba, sannan aka rataye mutum takwas 'yan asalin ƙasa a Battleford kafin watan ya ƙare. Riel ɗan Katolika ne mai jin Faransanci, don haka kisansa ya ɓata wa mutanen Quebec rai ƙwarai, kuma jam'iyyar ta daɗe tana ɗanɗana kuɗarta a akwatin zaɓe na wannan lardi. A zamanin Macdonald ɗin ne kuma, daga 1883, gwamnatin tarayya ta fara ɗaukar nauyin makarantun kwana da coci-coci ke gudanarwa, inda ake raba yara da iyayensu a hana su harshensu. Yara kusan 150,000 ne suka ratsa waɗannan makarantu kafin a rufe na ƙarshe a shekarun 1990, kuma gwamnatocin masu ra'ayin riƙau da na jam'iyyar Libaral duk sun riƙe tsarin.

John Diefenbaker, lauya daga Saskatchewan wanda ya hau mulki a 1957, ya zo da wata fuska. A 1958 ya naɗa James Gladstone, ɗan al'ummar Kainai, a majalisar dattawa, na farko daga cikin masu rajistar 'yan asalin ƙasa. A 1960 kuma gwamnatinsa ta ba su damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun sarayar da matsayinsu na yarjejeniya ba. Abin da ya kayar da shi harkar makamai ce. A Fabrairun 1959 ya soke aikin ƙera jirgin yaƙi na Avro Arrow saboda tsada, kuma ma'aikata kusan 14,000 suka rasa aiki a yini ɗaya. Ya karɓi makamai masu linzami na Bomarc daga Amurka, sannan ya yi ta jan ƙafa kan ɗora musu kawunan nukiliya, waɗanda in babu su makaman ba su da amfani. Ministan tsaronsa Douglas Harkness ya ajiye aiki a Fabrairun 1963, majalisa ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, kuma Lester Pearson na jam'iyyar Libaral ya lashe zaɓen Afrilu.

Zamanin Brian Mulroney ya nuna wata ɗabi'a da za ta yi ta maimaituwa: babban alkawari kafin zaɓe, ja da baya bayansa. A 1987 gwamnatinsa ta fitar da tsarin tsaro mai ɗauke da sayen jiragen ƙarƙashin ruwa masu aiki da nukiliya guda 10 zuwa 12, domin sintiri a ƙarƙashin ƙanƙarar arewa. An ci zaɓen 1988, kasafin Afrilun 1989 kuma ya binne maganar. Shekara ɗaya bayan haka abubuwa biyu suka girgiza ƙasar. A watan Yuni 1990 Elijah Harper, ɗan majalisar lardin Manitoba, ya tsaya riƙe da gashin mikiya ya hana a gaggauta amincewa da yarjejeniyar tsarin mulki ta Meech Lake, domin an tsara ta ba tare da 'yan asalin ƙasa ba. Yarjejeniyar ta mutu. A watan Yuli kuma 'yan ƙabilar Mohawk suka tare hanya a Oka da ke Quebec, saboda shirin faɗaɗa filin wasan golf zuwa kurmin da maƙabartarsu take. Wani ɗan sanda ya rasa ransa, aka kawo soja, aka shafe kwana 78 ana kallon-kallo da bindiga. Wannan ya tilasta wa Mulroney kafa babban kwamitin bincike kan al'amuran 'yan asalin ƙasa a 1991, kuma a 1993 ya sanya hannu kan yarjejeniyar da ta haifi yankin Nunavut na Inuit a 1999. A zaɓen 1993 magajiyarsa Kim Campbell ta sha suka kan kwangilar jirage masu saukar ungulu na EH-101. Jam'iyyar ta tsira da kujeru 2 kacal, sabon firayim minista Jean Chrétien na Libaral ya soke kwangilar, aka biya tarar kusan dalar Kanada miliyan 500, sojoji kuma suka ci gaba da lallaɓa tsofaffin jiragen Sea King har 2018.

Stephen Harper ya ci zaɓen Janairun 2006 wata biyu bayan yarjejeniyar Kelowna, wadda firayim minista Paul Martin na Libaral ya ƙulla da shugabannin larduna da na 'yan asalin ƙasa kan kashe kusan dala biliyan 5 cikin shekara biyar a fannin ilimi, lafiya da gidaje. Sabuwar gwamnati ba ta aiwatar da ita ba. Amma ranar 11 ga Yuni 2008 Harper ya tashi a zauren majalisa ya nemi gafara kan makarantun kwana, shugabannin 'yan asalin ƙasa na zaune a tsakiyar zauren, kuma aka ba su dama suka mayar da jawabi. A shekarar ce aka fitar da tsarin tsaro na shekara 20 da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 490, 'yan watanni kafin zaɓen Oktoba.

Arewa mai nisa ita ce wurin da Harper ya fi son a gan shi. Kusan kowace shekara yakan je atisayen soja na Nanook, kuma a 2007 ya yi alkawarin tashar sojan ruwa a Nanisivik, wadda daga baya aka rage ta zuwa wurin shan mai na 'yan watannin da ƙanƙara ke narkewa, ba a kuma buɗe ta ba har ya sauka. Waɗanda ke riƙe da yankin a aikace su ne rundunar sa-kai ta Rangers, da aka kafa a 1947, mai mutum kusan 5,000. Da yawansu Inuit ne da sauran 'yan asalin ƙasa. Suna sanye da jar riga, suna tuƙa baburan ƙanƙara nasu na kansu, kuma sun yi shekaru fiye da sittin suna rataye da tsohuwar bindigar Lee-Enfield. Su ne ke koya wa sojan kudu yadda ake kwana a waje cikin sanyin da ke daskarar da numfashi. Garuruwan Resolute da Grise Fiord ma, waɗanda Kanada ke kafa hujja da su cewa yankin nata ne, sun samo asali ne daga iyalan Inuit da gwamnatin Libaral ta kwaso daga Inukjuak a 1953 da 1955, ta ajiye su cikin wahala mai tsanani. Gwamnatin Harper ce ta nemi gafararsu a 2010.

Zaɓen 2011 ya taso ne bayan majalisa ta samu gwamnati da laifin raina ta, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɓoye ainihin kuɗin jiragen yaƙi 65 ƙirar F-35. Gwamnati ta ce dala biliyan 9 ne kuɗin saye, jami'in kasafi na majalisa kuwa ya ce jimillar za ta kusa biliyan 30. Duk da haka Harper ya samu rinjaye da kujeru 166. A 2012 babban mai binciken kuɗi ya soki yadda aka tafiyar da cinikin, sai aka dakatar da shi. A ƙarshen shekarar, dokar kasafi da ta sassauta kariyar koguna da ƙa'idojin ba da hayar filayen da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasa ta haifar da zanga-zangar Idle No More a faɗin ƙasar, yayin da shugabar al'ummar Attawapiskat, Theresa Spence, ta shiga yajin cin abinci a Ottawa.

Kafin zaɓen Oktoban 2015 kuɗin tsaro ya sauko zuwa kusan kashi 1 cikin ɗari na arzikin ƙasa, duk da cewa a taron NATO na 2014 a Wales Kanada ta amince da burin kashi 2. A watan Yuni kwamitin gaskiya da sulhu ya fitar da buƙatu 94 kan makarantun kwana, Harper bai ɗauki alkawarin cika su ba, kuma ya ƙi kafa kwamitin bincike kan mata 'yan asalin ƙasa da ake kashewa ko suke ɓacewa. 'Yan asalin ƙasa sun fito zaɓe fiye da yadda aka saba gani, har takardun ƙuri'a suka ƙare a wasu rumfunan yankunansu. Justin Trudeau na Libaral ya yi nasara da kujeru 184, bayan ya yi alkawarin cika buƙatun 94 ɗin da kuma ƙin sayen F-35. A Janairun 2023 gwamnatinsa ta sanar da sayen guda 88.