Hunturu a Ƙasar Indabo: Tarihin Murhu da Girkin Gaggawa

Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarsa, ya raba wa mutanen ƙasar Kano shekararsu tsakanin damina da kaka da hunturu da bazara, ya kuma sanya wa kowane lokaci nasa aiki da nasa abinci. A Indabo, wadda take cikin gundumar Wudil, ƙasar da a dā Makaman Kano ya daɗe yana riƙe da hakimcinta, idan watan Nuwamba ya ƙare, iskar arewa maso gabas ta taso da ƙurar Sahara, hazo ya rufe gari, jaura ta shiga fasa leɓe da dunduniya, to, a nan ne mutanen dā suke cewa aikin gona ya ƙare, alhali kuwa aikin cikin gida a sa'an nan yake somawa.

Gaskiya ne, Sallah ƙarama da babba suna bin watan Musulunci, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har azumi ya kan faɗo cikin tsakiyar ɗari, kamar yadda ya auku a Disambar 1965 da ta 1999. Amma hidimar da ba ta taɓa sauya mazauni ba ita ce ta bayan kaka. A lokacin ne ake sussuka da shiƙa, a cika rumbu, manomin da amfaninsa ya kai nisabi ya fitar da ushuri, ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar. A lokacin ne kuma galibi ake ɗaura aure, domin hannu ya sami abin yi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kuɗi suka riƙa shiga hannun talaka a daidai wannan lokaci, sai bukukuwa suka yawaita, kasuwar Juma'a ta Wudil ta riƙa cika da masu sayen dabba da kayan ɗakin amare.

Matar da take tsakanin daka da surfe da karɓar baƙi da zuwa gidan biki ba ta da sukunin tuƙa tuwo sau uku a yini, saboda haka iyayenmu mata suka gaji ilmin girkin da ba ya cin lokaci kuma ba ya cin itace. Na farko shi ne ɗumame, wato tuwon jiya da miyar kuka da ake mayarwa kan wuta bayan sallar asuba, wanda ya haɗa tattali da ɗumama ciki. Sai koko da kunun tsamiya, waɗanda gasararsu take a tanade, ruwa kawai ake jira ya tafasa. Sarkinsu kuwa ɗanwake ne: a kwaɓa garin wake da na rogo ko dawa da kuka da ruwan kanwa, a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa, ya taso ya nuna, a tsame a zuba man gyaɗa da yaji, kafin maigida ya dawo daga masallaci an gama. Busasshen zogale da rama da aka shanya tun damina, a kwaɗa su da ƙuli-ƙuli, su ma sun rufa wa gidaje da yawa asiri. Idan kuwa biki ya yi girma, maƙwabta ne suke taruwa kan tukwane, gama an ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ita wutar da aka yi girki da ita ba a barinta ta tafi banza. Ana kwashe garwashi a kasko a kai wa tsofaffi da mai jego, ko a tura ƙarƙashin gadon ƙasa. Yara su shafa man kaɗanya, su lulluɓa da gwado, su kewaye murhu suna gasa dankali da gyaɗa, kakarsu tana yi musu tatsuniya. A waje kuma almajirai, waɗanda malamansu suke fita da su ci-rani bayan an kawar da amfanin gona, suna hura wutar kara su karanta allunansu da haskenta, har sulusin dare.

Zamani ya juya. Fari na 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun karya arzikin cinikin gyaɗa. Injin niƙa ya rage aikin turmi, risho da gas sun shigo, taliyar leda ta zama abincin mai sauri. Ba mai zargin uwar da ta nemi sauƙi, domin addini kansa sauƙi ya zo da shi. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne ilmin da yake cikin tsohon girkin, wanda ya ciyar da iyali da abin da gonarsu ta ba su ba tare da bashi ko almubazzaranci ba. Haƙƙi ne a kan iyaye su koya wa 'ya'yansu shi tun masu saninsa suna raye.