Wankan Jego da Ruwan Zafi a Gida: Zaɓen Mazubi, Dafa Ruwa da Shirya Wurin Wanka

A Birnin Gwari da ƙauyukan da ke kewaye da dajinta, kamar sauran ƙasar Hausa, mace in ta haihu takan yi wankan jego safe da yamma har ta yi arba'in. Ana dafa ruwa a babbar tukunya ko duro, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya a riƙa fyaɗa mata a jiki. Wannan bayani domin ku ne masu jego, da mazajenku, da iyaye da ungozomomin da ke yi muku wankan. Abin da za ku riƙe shi ne: amfanin wankan jego yana cikin tsabta da hutu da kulawar da mai jego ke samu. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Tsananin zafi ba ya ƙara komai sai haɗari.

Wane irin zafi ne ya dace?

Zafin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Ruwan wankan babba kada ya wuce digiri 40, na jariri kuwa ya tsaya tsakanin 37 da 38. Ruwan da ya kai digiri 60 yana iya yi wa babban mutum ƙuna mai zurfi cikin daƙiƙa 5 kacal, mai digiri 49 kuma cikin kamar minti 5. Fatar jariri ta fi ta babba laushi, don haka ta fi saurin ƙonewa.

Idan babu ma'aunin zafi a gida, ku tsoma gwiwar hannu a cikin ruwan. In kun iya barin ta a ciki ba tare da jin zafi ba, ruwan ya yi. Kada a gwada da tafin hannu, domin hannun da ya saba da girki ba ya jin zafi yadda sauran jiki ke ji. Mai ciwon suga ma kada ta zama mai gwadawa, saboda ciwon yana rage jin zafi a hannu da ƙafa.

Ga hanyar sirkawa mai sauƙi: ma'auni 1 na tafasasshen ruwa, ma'auni 4 na ruwan sanyi. Wato lita 5 na tafasasshe a kan lita 20 na sanyi zai ba ku lita 25 mai zafin kusan digiri 40. Lokacin hunturu, da ruwa ke kwana da sanyi sosai, ku yi 1 a kan 3. Kullum a fara zuba na sanyi, sannan a ƙara na zafi, a juya, a gwada.

Zaɓen tukunya da mazubi

Ku dafa ruwa a tukunyar ƙarfe ko ta alminiyom mai faɗin gindi, wadda za ta zauna daram a kan murhu. Na sirkawa kuma, baho ko bokitin roba mai kauri ko daro ya isa. Kafin ku sayi tsohon duro ko jarka a kasuwa, ku tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Ku guji waɗannan:

- Duro ko jarkar da aka ajiye maganin feshi na ciyawa ko na ƙwari. Wanki da sabulu ba ya fitar da gubar gaba ɗaya, zafi kuma yana ƙara fito da ita, ta shiga jiki ta fata da numfashi.
- Duron fetur, dizal, baƙin mai ko fenti.
- Baho, daro ko bokitin da aka yi aikin wanke zinare da shi. Yankin Birnin Gwari wuri ne na haƙar zinare, kuma ƙasar da ake niƙawa tana iya ɗauke da gubar dalma, ga kuma sinadarin zaiba da ake kama zinaren da shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari.
- Mazubin da ya yi tsatsa ko ya tsage a baki, don kada ya yanki mai wanka.

Mazubin mai jego da na jariri ya zama nasu su kaɗai. A wanke shi da sabulu bayan kowane wanka, a kife shi ya bushe.

Bahon katako

A Japan da ƙasashen arewacin Turai akwai al'adar shiga babban baho na katako, wani har da murhun itace a jikinsa. Idan kuna son saye ko ku sa kafinta ya haɗa muku, ku san waɗannan:

- Kowace lita ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Baho mai cin lita 1,000 ya kai nauyin tan guda tun kafin mutum ya shiga, don haka sai a kan daɓen siminti mai ƙarfi, wanda ba shi da gangare.
- Katako sai ya sha ruwa ya kumbura yake toshe kafofinsa. In aka bar shi ya bushe da iskar hunturu sai ya tsage ya fara yoyo. In kuma aka bar ruwa ya kwana a ciki, ƙwayoyin cuta sukan hayayyafa su haddasa ƙuraje masu ƙaiƙayi, wani lokaci har da ciwon huhu. Sauro ma yana ƙyanƙyashewa a ruwan da ya yi kamar mako guda a ajiye.
- Kada a yi shi da katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara.
- Kada zama a ciki ya wuce minti 15, kada kuma zafin ya wuce digiri 40.
- Mai ciki, musamman a watanni 3 na farko, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, su nisance shi. Mai jego ma kada ta shiga har sai jinin biƙi ya ɗauke, rauninta ya warke.

Itace, gawayi da hayaƙi

Wankan arba'in yana cin itace mai yawa idan duro guda ake tafasawa sau biyu a rana. Wanda ya bi hanyar sirkawa, kashi 1 cikin 5 na ruwan kawai zai dafa. Hakan zai rage kuɗin itace, ya kuma rage shiga daji neman sa, abin da kowa a yankin Kamuku da Kuyambana ya san irin haɗarinsa a shekarun rashin tsaro. Baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi ma takan ɗumama ruwan wankan yamma.

- Ku hura wuta a tsakar gida ko wurin da iska ke ratsawa, nesa da ɗakin mai jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Ga jarirai, babbar illarsa ita ce ciwon huhu.
- Ku yi amfani da busasshen itace. Ɗanye ya fi hayaƙi.
- Kada a hura wuta da leda, roba, tsohuwar taya ko fetur.
- Kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga don ɗumama mai jego. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da barci mai nauyi, tana kuma kisa cikin barci. In kun ga haka, ku fitar da kowa waje nan take, ku tafi asibiti.
- Mai amfani da hita ta lantarki ya zare ta daga soket kafin ya taɓa ruwan.

Shirya wurin wanka

Makewayi ya kasance da daɓen da ba shi da santsi, da rariyar da ke kai ruwa nesa da rijiya. A ajiye wa mai jego kujera ta zauna. Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini na fata, jini ya sauka, matar da ta zubar da jini wurin haihuwa kuwa tana iya yanke jiki ta faɗi in ta miƙe da sauri. Saboda haka a kwanakin farko kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma ta kulle ƙofa ta ciki.

A sirka ruwan kusa da murhu, sannan a ɗauka zuwa makewayi, maimakon ratsa tsakar gida da tafasasshen ruwa. Kada mai goyo a baya ta ɗauki ruwan zafi. A hana yara wasa kusa da murhu, a kuma zubar da ragowar ruwa da an gama. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba.

Idan an yi ɗinki ko tiyata

Wadda aka yi wa ƙari ko ta samu yagewa, ta wanke wurin da ruwa mai ɗumi mai tsabta, ta tsane shi da ƙyalle mai tsabta. Kada ta zauna cikin ruwa mai tsananin zafi, kada kuma a cusa ganye ko wani haɗi a gabanta. Wadda aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata, kada a fyaɗa mata ganye a kan raunin, kada a danne shi da tsumma mai zafi. Ta bi abin da aka gaya mata a asibiti game da ranar fara jiƙa wurin.

Jariri kuma a jinkirta wankansa na farko har ya cika awa 24. Kada a gasa masa cibiya da tsumma ko kasko mai zafi. A shafa maganin cibiya da ake bayarwa a asibiti, a bar ta ta bushe.

Wankan jego da ciwon zuciya

Akwai ciwon zuciya da ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni 5 bayan haihuwa. Naman zuciya yakan yi rauni ya kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Arewa maso yammacin Najeriya tana cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya: a wasu asibitocin yankin, kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu.

A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun wallafa bincikensu a kan mata 224 masu wannan ciwo a Zariya. Sun danganta shi da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Hujjarsu ita ce zafi yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki, kanwa kuma tana ɗauke da sinadarin gishiri mai riƙe ruwa a jiki. Daga baya, wani bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020 a kan mata 406 daga asibitoci 22 na Najeriya, bai gano cewa waɗannan al'adu ne ke haddasa ciwon ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne rama, da rashin sana'a da rashin karatun boko, da hawan jinin masu ciki.

Ma'anar wannan a gare ku ita ce: ba za a ce wankan jego ne tushen ciwon ba, amma zuciyar da ta riga ta raunana, zafi mai yawa da kanwa suna ƙara mata nauyi. Wadda ta yi hawan jini ko jijjiga lokacin ciki, ko take da ƙarancin jini, ko ta taɓa yin wannan ciwo, ta tsaya ga ruwa mai ɗumi, ta bar kunun kanwa, ta sha na gyaɗa ko koko a madadinsa.

Alamun da ba a jira da su

Kuskuren da ya fi jawo asarar rai shi ne a ga mai jego tana haki ko ta kumbura, a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwa zafi, a ƙara kanwa. Ku dakatar da wankan ku kai ta asibiti a ranar idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Haki bayan ɗan aiki kaɗan, ko kasa kwanciya sai ta jingina.
- Tari da dare, ko farkawa numfashi na sarƙewa.
- Kumburin ƙafafu, fuska ko ciki.
- Bugun zuciya da sauri, ciwon ƙirji ko suma.
- Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko jijjiga.
- Zazzaɓi, jini mai wari, ko zubar jini da ke ƙaruwa.

Ku fara da asibiti mafi kusa ko babban asibitin Birnin Gwari. Idan ana buƙatar hoton zuciya, ana iya tura ku Kaduna ko Zariya, tafiyar da ta fi kilomita 100. Shi ya sa kada a bari dare ya yi ana shawara. Maigida ya tanadi kuɗin mota da lambar direba tun kafin haihuwa. Ciwon yana da magani, mata da yawa kuma zuciyarsu takan farfaɗo in an fara da wuri. Wadda ta taɓa yin sa kada ta sake ɗaukar ciki sai ta ga likita, domin yana iya dawowa da tsanani.

Idan ƙuna ta auku

A riƙa kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. A cire zobe, warwaro da tufafin da ba su manne da fata ba. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa ƙanƙara, ɗanyen ƙwai, gishiri, man goge baki, manja ko toka, kada kuma a fasa bororon da ya taso. A tafi asibiti idan ƙunar ta fi faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta shafi fuska, hannu, nono ko al'aura. Duk ƙunar da ta sami jariri kuwa, komai ƙanƙantarta, ta asibiti ce, kuma a lulluɓe sauran jikinsa yayin da ake sanyaya wurin.

Awon bayan haihuwa

Ko babu wata damuwa, ma'aikacin lafiya ya duba mai jego da jaririnta a rana ta farko, da ta 3, da tsakanin ta 7 zuwa ta 14, sai kuma a mako na 6, wanda ya zo daidai da arba'in. A kowace ziyara ku nemi a auna hawan jini, ku kuma faɗa wa ma'aikacin irin wankan da ake yi a gida da yawan kunun kanwar da ake sha.