Sulken Ƙwayar Ciwon Huhu

Mu da muka tsufa muna duban kakin majinyata a madubin likita, mun tarar da magabatanmu a wannan fanni suna cewa duk wanda zai fahimci ciwon huhu, wanda jama'a ke kira sanyin haƙarƙari, to ya fara da kwanson da ƙwayar numokokas ke lulluɓe kanta da shi, domin shi ne sulken da ke hana dakarun jini cinye ta. Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka sun ware ƙwayar a 1881, kowannensu bai san da aikin ɗan'uwansa ba, amma sai a 1923 Allah ya nufi Heidelberger da Avery, a Cibiyar Rockefeller ta New York, suka tabbatar da hujja cewa kwanson nan nau'in sukari ne, kuma da shi ake rarrabe ire-iren ƙwayar, waɗanda a yau sun haura 90.

Da fenisilin ya wadata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai malaman ɗibbu suka ɗauka an gama da mas'alar, har aka janye allurar rigakafin da ake da ita saboda rashin masu nema, wanda a ganina gafala ce babba. Robert Austrian ne ya ƙi yin taƙlidi. Ya zauna yana ƙidayar mamata a wani asibitin Brooklyn, ya bayyana a 1964 cewa idan ƙwayar ta shiga jini, mutane da dama kan rasu a kwanakin farko ko da an ba su magani. Don haka ya koma ga rigakafi, ya gwada allurarsa ta sukarin kwanson a kan masu haƙar zinariya na Afirka ta Kudu, aka halatta ta a 1977 tana kare iri 14.

Sai dai jikin yaron da bai kai shekara biyu ba ba ya amsa sukari zalla, alhali yara su ne cutar ta fi ɗauka. Da aka ɗaura sukarin a kan furotin, aka jarraba a gabashin Gambiya, sakamakon 2005 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 16 cikin 100. Najeriya ta fara bayar da irin wannan allura a Disambar 2014, mu kuwa a ɗakin gwaji har gobe muna bin sawun ire-iren da allurar ba ta ƙunsa ba, domin suna yaɗuwa a gurbin waɗanda aka kora.