Mol a darasin kimiyyar sinadarai

Mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari. Mol ɗaya na ƙunshe da ƙwayoyi kimanin 6.022 × 10²³, adadin da ake kira lambar Avogadro. An shigar da mol cikin tsarin ma'aunai na duniya a 1971, aka kuma sabunta ma'anarsa a 2019.

Ana samun yawan mol ta hanyar raba nauyin abu da nauyin mol ɗaya nasa. Alamar ruwa H₂O ce, mol ɗinsa giram 18. Gishirin girki, NaCl, nasa giram 58.5 ne. Idan aka narkar da giram 5.85 na gishiri, aka ƙara ruwa har ya cika lita ɗaya, ƙarfin haɗin ya zama mol 0.1 a kowace lita.

A arewacin Kamaru, makarantun sakandare irin su Lycée Classique et Moderne na Garwa suna koyar da wannan lissafi da Faransanci a azuzuwan kimiyya. Ɗalibai na amfani da shi a jarrabawar Probatoire da Baccalauréat. Kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana yaye malaman fannin.